Kaka da Tarin Diloli

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, wannan kam babu mai ja. Kakana, mahaifin babana, ya riga mu gidan gaskiya ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa, a ƙauyenmu da ke kusa da Gangara, zafin bazara yana farawa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Abin da ake ja a kai shi ne ciwon da ya kai shi, kuma tun ba a naɗe tabarmin makoki ba aka fara.

Ni ina cikin gida wajen mata. Na iso daga Agiye, inda nake koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ko ruwa ban sha ba. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce, “Ya haƙuri? Allah shi jiƙan tsoho,” mu amsa, ta nemi gefe ta zauna. Kafin la'asar addu'a ta ja baya, hira ta matso. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta share hawaye ta ce, “Mutumen da ya cika muna rumbuna. Duk wanda ya ci tuwo garin ga shekarun nan, albarkacinshi ya ci.” Ta kusa da ita ta ce, “Hakanan ne. Sai dai daga baya kan ya ɗan taɓu. Tsuhwa kenan.” Wata kuma ta tuna ranar da ya biyo su da sanda suna tankaɗe, yana ta kiran sunan dila, ta fara ba da labarin har da kwaikwayon tafiyarsa. Dariya ta kuɓuce wa mata, suka riƙa toshe baki da mayafi. Gwaggo, ƙanwar babana, ta harare su, amma ita ma leɓenta yana rawa.

Ban yi dariya ba. Na tashi na shiga ɗakinsa na zauna a kan buzunsa, raina yana tafasa.

A waje wajen maza ma haka abin yake, maigidana ya ba ni labari daga baya. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ya faɗa. Wani ya ce tarin fuka ne, ai kowa ya san ya yi wata da watanni yana shan ƙwayoyin likita. Baffa, babban ɗan marigayin, wanda gida da gona suke hannunsa tun rasuwar babana, yana gefe yana ta jan tasbaha. Akwai kuma tsofaffin maharba uku da suka zo daga ƙauyukan gabas. Sai da za su tafi ɗayansu ya kama hannun maigidana ya ce, “Ka hwaɗa ma jikarshi, abin da ya gani, ya gani.”

Shi ya sa nake wannan rubutu. Ba na so a bar wa 'ya'yanmu labarin wani tsoho da ya rikice a kan diloli. Kuma akwai abin da ya fi sunansa damuna: aikin da ya mutu yana roƙon a bari, har yau ana yin sa a tsakar gidajenmu.

Kaka maharbi ne tun yana saurayi, lokacin da akwai abin harbi. Ni na tashi na tarar baka da kwari suna rataye a bango, barewa ta ƙare, gada ta ƙare, daji ya zama gonaki. Abin da bai bari ba shi ne fita. Kullum bayan asuba sai ya zagaya bayan gari, kansa a sunkuye, ya dawo ya ba mu labarin namun daji kamar yana zancen maƙwabta: bushiya ta ƙetara gonar wane, zomo ya haihu a gindin sabara, dila ya zo har bakin rijiya ya koma. Idan kai ne ka kawo masa labari, ko na rediyo ne, tambayarsa ɗaya ce: “Ka gani, ko an hwaɗa maka?” Idan ka ce an faɗa maka, sai ya juya ya ci gaba da tufkar igiyarsa, kai da labarinka ku san inda za ku.

Ni amaryarsa ce, kamar yadda kowace jika take a wurin kakanta. “Amarya, yau ma ba ki dama mani hura ba? Sakin ki zan yi.” Ni kuma in ce, “Sake ni mana, Tsoho. Wa za ta kwashi mai haƙori huɗu?” Shekarar da aka sa ni lakol, makarantar tana ƙauyen gaba, sai an ratsa daji. Na ji kukan diloli sau ɗaya na ce ni da lakol har abada. Babana ya ɗauko tsumagiya. Kaka ya karɓe ta a hannunsa, washegari ya kama nawa hannun. Shekara guda cur yana raka ni da safe, yana komowa ɗaukata, yana tsayar da ni a hanya yana nuna mini sawu: wannan na kare ne, ya baje, wannan na dila ne, siriri, a jere kan layi ɗaya. A haka na daina tsoro, a haka na zauna a lakol har na zama madam mai koyarwa.

A ƙarshen gonakinmu ta arewa akwai wata tsohuwar kuka mai kogo, mutum biyar sai su tsaya a ciki. Jemagu ne suka mallake ta tun kafin a haifi Kaka. Kashinsu ya taru a ƙasa ya yi tudu, baƙi, a daskare, mai warin da ke hawa kai. Diloli kuma sun yi ramuka a ƙarƙashin saiwoyinta, ramukan suna ɓullawa cikin kogon. Babu mai zuwa wurin sai Kaka. A shekarun da ƙasa ta gaji, hatsi yana fitowa iya gwiwa ya tsaya, takin zamani kuma sai wane da wane, shi ne ya lura cewa shukar da ke kusa da kukar ta fi saura. Ya ɗebo kashin jemagen ya gwada a kusurwar gonarsa, bai faɗa wa kowa ba sai da ya gani da idonsa damina biyu. Sannan ya tara mutane a ƙofar masallaci ya faɗa musu duka, bai rage komai ba. Baffa ya so a bar abin a cikin gida. Kaka ya ce ba shi ya shuka kukar ba.

Ga yadda ake yi, don wanda bai san wajenmu ba. Mu binne muke yi: ana shuka hatsi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, iri ya kwanta ya jira, ruwan farko na sauka ya tashi. Maza su shiga kogon da fartanya su kankaro takin su cika buhuna. Mata su daka shi a turmi, su tankaɗe da rariya har ya yi laushi kamar gari, a cuɗa shi da iri a ƙwarya, kowane rami a jefa ɗan kaɗan. Dole ya kasance a bushe ƙayau, domin idan da danshi iri zai tsira a rami tun ruwa bai zo ba, rana ta ƙone shi. Ranakun tankaɗe tsakar gida takan turnuƙe, mata su fito gira da hanci duk baƙi. Bayan nan sai a yi 'yan kwanaki ana tari da ɗan zazzaɓi, ya wuce. Har suna aka sa masa, murar taki, ana yi wa juna tsiya da ita. Rumbuna kuwa suka cika. Ni kaina duk bayan girbi ana aiko mini da rabona Agiye, da shi nake ciyar da 'ya'yana.

Shekara huɗu da suka wuce, ina gida hutu, Kaka ya dawo daga zagayensa bai ba da labarin kowa ba. Ya zauna ya ce, “Amarya, kin taɓa jin dila na tari?” Na ce, “Sai dai in taba ya koya.” Bai yi dariya ba. Ya ce ya ga ɗaya da rana tsaka a gindin kukar, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, yana tari, bai ko gudu ba. Mutanen gari suka ce haukan kare ne, a kashe. Kaka ya ce ya san mahaukacin dila, yana dalala yana cizon iska. Wannan numfashi ne ya gagare shi.

Da dilan ya mutu Kaka ya farke shi. Ya sake samun wani, ya farke. Huhunsu duk ɗigo-ɗigo fari, wani wuri ya dunƙule ya yi tauri, ya ce kamar funfunar da ke hawa tuwon da ya kwana uku. Bai tsaya nan ba. Ya ji mota ta buge wani dila a titin Gazawa, nesa da kukar, ya hau jaki ya je ya farke wannan ma: huhu ja, sumul. Sai da ya haɗa biyar na gindin kuka da biyu na nesa kafin ya buɗe baki. Ya ce, “Mu munka tada abin. Da can takin na kwance a daskare. Munka kankare, ƙurar na sauka cikin ramunansu.” Wannan shi ne mutumin da aka ce kansa ya taɓu.

A lokacin wani likitan dabbobi ya zo yi wa awaki rigakafi. Kaka ya kai masa huhun a gwangwani, cikin gishiri. Mutumin, Allah ya saka masa, bai yi dariya ba. Ya juya abin da tsinke ya daɗe yana kallo, ya tambayi inda dilolin suke kwana. Ya ce akwai wata irin funfuna da ke rayuwa a ƙasar da kashin jemage ko na tsuntsaye ya daɗe, ido ba ya ganinta, idan an tayar da ƙurar sai ta shiga huhu, na dabba ko na mutum. Ba daga dila take kama mutum ba, ƙura ɗaya suke shaƙa. Mai ƙarfi yakan yi tari ya warke, tsoho ko wanda ya shaƙa da yawa takan zauna masa. Amma ya ce ba zai rantse ba sai an kai abin inda ake dubawa da na'ura, shi kuma awaki aka aiko shi.

Kaka ya ɗauki gwangwaninsa ya shiga buro-buro, ofisoshin hukuma. A na farko aka ce dila ba dabbar kiwo ba ne, ya je wajen masu daji. A na biyu aka tambaye shi takardar izinin harbi. Ya ce bai harba ba, gawa ya tsinta. Aka ce to ya bar gwangwanin ya dawo wani mako. Da ya dawo aka ce mai shara ya zubar saboda wari. Ni na rubuta masa takarda da Faransanci, shafi biyu, na zuba duk abin da na iya. Har yau ba a amsa ba. Idan na tuna yadda ya sa babbar rigarsa ta Sallah don ya kai takardar nan, sai in ji kamar in fasa ihu.

Sai ya juyo kan gari. Ya sake tara mutane a ƙofar masallaci ya ce, “Abin da na koya maku, ku bari. Ni na kawo shi, ni kuma na ga yana kisa.” Wani ya ce, “Wa ya mutu?” Ya ce diloli. Aka kwashe da dariya. Wani ya ce to madalla, awaki sun huta. Kafin mako ya zagayo magana ta canza kama: wai masu lambun albasa ne suka gama baki da tsoho, yana so ya kore mu ya ba su takin. Mutumin da ya nuna musu abin don Allah! Ya sari ƙaya ya toshe bakin kogon, aka janye. Ya sake toshewa, aka sake janyewa, wannan karon har da ƙone ƙayar.

Rigimarsa da Baffa a gabana aka yi. Matar Baffa tana tankaɗe da ɗiyanta mata biyu, Kaka ya shigo ya fizge rariyar ya taka ta. Baffa ya fito daga ɗaki. Ban taɓa jin ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba sai ran nan.

“Baba, mi kake so mu zuba ma hatsin? Hwaɗa mani. In akwai wani abu, yau na bari.”

“Ku jiƙa shi kahin ku taɓa, ƙurar ta kwanta.”

“Mu jiƙa mu yi binne da shi? Kai ka koya muna jiƙaƙƙe na kashe iri.”

“To ku bar binnen. Ku jira ruwa.”

“Mu jira ruwa, maƙwabta su riga mu da sati biyu, ga damanar da ba ta kai ƙarshe? Baki goma sha huɗu ke gidan ga, Baba. Don dila ya yi tari?”

“Don ɗiyanka na shaƙar abin da dilan ya shaƙa.”

“Shekara nawa muna shaƙa? Nuna mani kabari ɗaya.”

Kaka ya tsaya yana kallonsa. Ba shi da gawar da zai nuna sai ta dila. Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne dukansu biyu gaskiya suke faɗa, kuma babu wanda ya zo daga ko'ina ya nuna musu wata hanya ta uku. Daga ranar suka koma gaisuwa kawai. Baffa ya sayo wa matarsa sabuwar rariya ran kasuwar Gangara.

Kaka ya fi kowa shiga kogon nan, shekara da shekaru, kuma bayan ya gano abin ma bai daina ba, yana shiga yana duba ramuka, yana neman shaidar da za a yarda da ita. Bara, bayan binne, murar taki ta kama shi kamar kowa. Ta saki kowa, shi ba ta sake shi ba. Ya rame, ga zufa, ga zazzaɓin yamma. Aka kawo shi gidana Agiye, daga nan muka wuce babban asibiti a birni.

Yanzu na zo inda ba na son zuwa. A cikin mota ya ce mini, “Amarya, in mun shiga zan hwaɗa ma likita ciwon dila ne.” Na ce, “Don Allah Tsoho, ka ruhwa mani asiri. Can ba ƙauye ba ne. Ka bar ni in yi magana.” Na gaji da dariyar da ake yi mana. Ina jin kunyar a nuna ni a layin asibiti a ce ga madam can da kakanta mai zancen diloli. Na gaya wa kaina cewa likita ya fi mu sani, na'urarsa za ta ga duk abin da ke akwai. Ni ɗin nan da na rubuta masa shafi biyu da hannuna.

Likitan ya yi tambayoyinsa da Hausa, a natse: tun yaushe, akwai jini, akwai mai tari a gidan, wane aiki tsoho yake yi. Na ce noma. Kaka ya buɗe baki, tari ya sarƙe shi, kafin ya lafa na riga na amsa sauran. Kaka ya dube ni. Aka ɗauki hoton ƙirji aka ga tabo. Aka gwada kaki ba a ga ƙwayar tarin fuka ba, amma hoton ya yi kama da nata, kuma ita aka fi gani, sai aka ɗora shi a kan maganinta. Ban ga laifin likitan ba. Da abin da aka ba shi ya yi aiki.

Wata shida yana haɗiyar ƙwayoyi a gidana, kullum da safe, bai tsallake ko rana ɗaya ba. Yana haɗiyewa ya ce, “Na sha don ke, amma ba nashi ba ne.” Ni kuma in ce ya cika gardama. Duk da haka bai bar tsiya ba. Maigidana yana shigowa zai ce, “Ga ɓarawon mata nan. Ka ƙwace mani amarya, ka kuma kulle ni gidanka.” Tun yana iya fita ƙofar gida ya duba sawun kaji da na karnukan unguwa, har ya koma sai dai ya leƙa daga kan tabarma. Maganin ya ƙare, tari bai ragu ba. Ya ce a mai da shi ƙauye, ba zai mutu a garin da ba a jin kukan komai sai na babur ba.

Ganina da shi na ƙarshe mako biyu ne kafin rasuwarsa. Yana kwance a kan buzu, magana ɗaya numfashi uku. Na durƙusa na ce ya yafe mini abin da na yi a asibiti. Ya ce, “Na yahe tun cikin mota. Ke kunya kika ji. Su yunwa suke tsoro. Ba wanda ya ƙi ni.” Ya huta. “Amma binne na tahe, Amarya. Ki hana su. Ke kin yi lakol, suna jin maganarki.” Na ce to. Haka na ce, to, kamar abu ne mai sauƙi.

Bayan sadakar bakwai na koma asibitin. Na bi layi ba ni da ciwo, na zauna gaban likitan na faɗa masa komai: kuka, jemagu, rariya, huhun diloli. Ya ajiye alƙalaminsa ya ce, “Madam, me ya hana ki faɗa mini wannan tun farko?” Ya ce akwai ciwon funfuna da ke kama da tarin fuka a hoto, maganinsa daban ne, gwajinsa ba ko'ina ake yi ba, amma da ya ji zancen jemage da ya nema. Na ce, da ya warke? Ya ce bai sani ba, mutumin ya tsufa, kuma yanzu babu mai iya tabbatar da abin da ya kai shi. Na so ya ce mini e ko a'a. Ko wannan ban samu ba. Ya dai rubuta mini a takarda: a jiƙa kafin a taɓa, a rufe hanci da baki, tsofaffi da masu ciki da marasa ƙarfi kada su kusanta.

Sadakar arba'in ta faɗo daidai makon binne, hadari ya fara leƙowa ta gabas. Na tara matan gidanmu da na maƙwabta na karanta musu takardar, na fassara, na sake fassarawa. Suka saurara da ladabi. Ɗaya ta ce, “To madam, Allah shi kyauta. Likitan zai aiko muna da wani takin?” Gwaggo ta ja ni gefe ta ce in bar tayar da hankalin mutane a gidan makoki. Na je wajen maigari, ya ce maganar kuka maganar gidanmu ce, tunda mu muka fara, in je in ga Baffa.

Na same shi a zaure bayan baƙi sun watse. Na durƙusa na miƙa masa takardar. “Baffa, ga abin da likita ya rubuta. Maganar Kaka ce, ba ragi.”

Ya karɓa ya juya ta, ba ya karatun boko, ya miƙo mini. “Likitan ya ce shi ya kashe Baba?”

Nan ne na so in yi ƙarya. Kalma ɗaya ce, da ta gama komai. Ta zo har bakina, na kasa. Na ce, “Ya ce bai sani ba. Ya ce yana iya zama.”

Baffa ya gyaɗa kai. “Shi bai sani ba. Ni kuwa yunwa na san ta, ɗiyata. Na binne ƙannenki biyu cikinta.” Ya tashi ya shiga gida. Na zauna a zauren ina jin haushin likita, da buro, da Baffa, da bakina da ya yi shiru ranar da ake son magana, yau kuma ya kasa faɗin abin da zai yi amfani.

Washegari da hantsi na fito na ga tsakar gida fayau, babu turmin taki, babu rariya. Matar Baffa ta ce ya ɗora su a amalanke ya yi arewa, kuma ya ce duk wadda ta biyo shi, mata ko ɗiya, bai yafe ba. Ni ba matarsa ba ce, ɗiyar ƙaninsa ce, na ce hukuncin bai hau kaina ba. Na bi sawun amalanken. Ina wuce gidaje ina jin luguden taɓarya ta ko'ina, ƙura tana tashi bayan darni. Gida ɗaya ne kawai ya yi shiru a garin, namu.

Na same shi a gindin kukar shi kaɗai. Ya kafa turmi da rariya can inda iska ke kwashe ƙura ta yi daji. Ya jiƙa rawaninsa da ruwan buta ya naɗe hanci da baki, idanu kawai ake gani. Dattijo mai furfura, da jikoki, zai yi daka da tankaɗe da hannunsa.

“Baffa, ka yarda kenan?”

“Ban yarda ba. Ban kuma ƙaryata ba. Hatsi dai sai an shuka. In akwai abin, shi tsaya kaina. Ɗiyana ba su ƙara taɓa shi.”

“Kai hwa?”

“Ni na shaƙi nawa tuntuni. Koma gida.”

Ya sunkuya ya shiga kogon. Jemagu suka yi ta fitowa ta sama. Na ji ƙarar fartanya tana kankara, ta tsaya, na ji tari, ta ci gaba. Can ya fito da ƙwarya cike. Ya yi ƙoƙarin juyewa a buhu, buhun ya kife, rabi ya zube, ƙura ta buɗe masa fuska. Aikin mutum biyu ne. Shi kaɗai sai ya yini a nan, kuma duk daɗewarsa ƙarin shaƙa ne.

Na cire mayafina na ɗauki butarsa na jiƙa shi, na ɗaure hanci da baki.

“Na ce ki koma.”

“Na ji, Baffa.”

A ƙarƙashin jiƙaƙƙen mayafin na yi wa Kaka addu'ar da ban samu natsuwar yi a gidan makoki ba: Allah ya gafarta masa, ya karɓi alherinsa, ya ba shi a can numfashin da ya rasa a nan. Ban roƙi tsohon ya sake yafe mini ba, don ban gama yi masa laifi ba. Baffa ya ɗaga ƙwaryar, na kau da kai, na buɗe masa bakin buhun.